Roƙo a Paris, Umarni a Tirmini: Nazarin Hotunan Bashin Yaƙi

A shekarar 1915 wani mai zane Bafaranshe, Abel Faivre, ya yi hoton da aka buga da yawa aka manna a bangayen garuruwan Faransa. Tsabar zinariya ce ƙatuwa, zakaran da ke jikinta ya yunƙuro daga cikin ƙarfen ya kai wa wani sojan Jamus sara, sojan ya durƙushe da bindigarsa, ido a zazzare. Rubutun gajere ne: ku kawo zinariyarku saboda Faransa, ita ma zinariya yaƙi take yi. Mutane kuwa suka kai. Tsofaffi suka tono abin da suka binne, suka kwance abin da suka ƙulle a tsumma, suka miƙa wa Bankin Faransa zinariya ton ɗaruruwa. Aka ba su kuɗin takarda a madadinta, da wata ƴar takardar yabo mai ado da mutum zai rataya a ɗaki baƙi su gani.

Wannan hoto yana cikin na farko-farkon wani salon zane da yaƙin duniya na ɗaya ya raina har ya girma, wato hoton bango mai kiran jama'a su ba gwamnati rance. Yaƙin ya ci kuɗi fiye da yadda kowane ministan kuɗi ya zata. Haraji bai isa ba, yawan buga takardun kuɗi kuma yana hura wutar tsada, sai gwamnatoci suka juya ga ajiyar mutanensu. Faransa ta yi babban kiran lamuni sau huɗu, a ƙarshen 1915, 1916, 1917 da 1918. A na farkon mutum zai biya ƙasa da tamma 90 a ba shi takardar tamma 100, kowace shekara ya karɓi tamma 5 kuɗin ruwa, ba tare da an sa ranar mayar masa da uwar kuɗin ba. Jamus ta yi irin wannan kira sau tara. Amurka da ta shigo yaƙin a 1917 ta sayar da nata takardun da sunan ƴanci, har ƴan fim irin su Charlie Chaplin suna hawa dandali suna yi musu talla. Kowane kira da hotunansa, kuma a Faransa sau da yawa bankuna ne ke ɗaukar mai zanen su sa sunansu a ƙasan hoton, don suna da la'ada a kan duk takardar da aka saya ta hannunsu.

Wanda ya jera hotunan nan ya dube su da kyau zai ga ba su cika tsayawa a kan maganar riba ba. Kunya suke nema su jefa a zuciyar mai wucewa. A na 1916 Faivre ya zana matashin soja a guje, bindiga a hannu ɗaya, ɗayan hannun a sama, ya waigo yana kiran na baya, kalmomin da ke kansa kuwa an ɗauko su ne daga umarnin da Janar Pétain ya ba sojojin Verdun a watan Afrilun shekarar, cewa za a ga bayan abokan gaba. Francisque Poulbot, wanda ya yi suna da zanen yaran unguwannin Paris, ya nuna soja yana tafiya yana tuna wa matarsa da ƴaƴansa kada su manta su sayi takardar. A Jamus Fritz Erler ya zana soja a 1917 da hular ƙarfe, fuska duk ƙura, waya mai ƙaya a gefensa, idanunsa na walƙiya, yana cewa a taimake su su yi nasara. Harsuna daban, saƙo ɗaya: ɗan wani ya ba da jininsa, kai kuɗi kawai aka ce ka ranta, a kuma biya ka da ƙari, to mene ne uzurinka? Ƙarƙashin wannan akwai dabarar da ba a rubuta a bango ba. Duk wanda ya zuba ajiyar tsufansa a takardar gwamnati ya ɗaure kansa da nasararta, domin in ƙasa ta faɗi takardarsa ta zama shara. Daga ranar ba zai so a yi sulhun da babu galaba ba.

Ƙarya ma tana ciki, tun daga farko. A watan Nuwamba 1914 Ingila ta nemi fam miliyan 350, abin da jama'a suka kawo bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Bankin Ingila ya cike giɓin a ɓoye da sunan manyan ma'aikatansa biyu, jaridu suka buga cewa an yi rububin saye har an zarce abin da ake nema. Sai a 2017 masu bincike a bankin suka buɗe tsofaffin littattafan lissafi gaskiya ta fito, jaridar Financial Times ta buga gyaran labarin da ta bayar shekara 103 baya.

Duk da haka akwai abu guda da nake ganin girmansa a wannan salo, kuma shi ne ya sa na ɗauko maganar. Hoton bashin yaƙi roƙo ne. Gwamnati mai igwa da kurkuku ta tsaya a bakin titi tana lallashin mai gasa burodi da gwauruwar da ke wanki, ta ɗauki gwanin zane ta biya shi don ya taɓa musu zuciya. Ba a lallashin wanda ba shi da ikon cewa a'a. Manomin Faransa yana da ƙuri'a, yana da wakili a majalisa, yana da jaridar da zai kai wa kuka, takardarsa tana da lamba, bashinsa yana rubuce a babban littafin basusukan ƙasa. Hoton da ke bangon garinsu, ko da rabinsa yaudara ne, shaida ce cewa ana lissafi da shi.

To mu zo gida. Tirmini tana yamma da birnin Damagaram, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya a kan hanyar Tasawa da Maraɗi. A nan ne, a ƙarshen watan Yuli 1899, dawakin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari rundunar Faransa. Rundunar nan ragowar ayarin Voulet da Chanoine ce, wanda ya taho yana ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Makonni biyu kafin nan sojojinsu da kansu suka harbe shugabannin biyu, Laftana Pallier ya karɓi jagoranci tare da Joalland da Meynier. Hujjarsu ita ce ɗaukar fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a Damagaram a 1898. Masarautar da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba mata igwa, ta faɗi a yini guda. Sarki ya fita daga birni, aka bi sawunsa aka kashe shi a watan Satumba.

Lokacin da zakaran Faivre ya hau bango, shekara 16 ke nan da wannan rana. Waɗanda suka ga gawawwaki a filin Tirmini suna nan da ransu, yawancinsu ko furfura ba su yi ba. A tsakani an zargi sarkin da Nasara suka naɗa, Amadu ɗan Basa, da ƙulla makirci a 1906, aka tuɓe shi aka kai shi Kodebuwa, aka damƙa garin a hannun Ballama, bawan fada. Tun 1911 Damagaram ce hedikwatar yankin soja na Nijar. Jirgin ƙasa ya iso Kano ya karya fataucin hamada da ya daɗe yana ciyar da unguwar Zango, sannan yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta share ƙauyuka. A bisa doka kuma mutumin Tirmini ba ɗan ƙasa ba ne, abin mulka ne. A duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa, in ka cire ƴan tsiraru, haifaffun garuruwa huɗu na Senegal kaɗai ke da matsayin ɗan ƙasa. Saura suna ƙarƙashin dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum kwana 15 da tarar tamma 100 ba tare da an je gaban alƙali ba, ko don jinkirin biyan lanho, wato haraji, ko don an ga bai nuna ladabi ba.

Mai irin wannan iko ba ya buƙatar gwanin zane. Buƙatar yaƙi ta sauko wa Damagaram ta hanyar da sauran buƙatu ke saukowa, daga ofishin kumandan zuwa fada, daga fada zuwa hakimai, daga hakimai zuwa masu gari, gardi da bulalarsa a biye, mai shela ya tsaya ranar kasuwa ya faɗi abin da aka yanka wa kowane gari: gero kaza, jakuna kaza, ƴan dako kaza, samari kaza. Raƙuman Buzaye da aka yi ta ƙwacewa don jigilar soja suna cikin abin da ya tunzura Abzin, har Kawsan, jagoran boren Buzaye, ya kewaye barikin Agadas a watan Disamba 1916. Rundunar da ta je ta kwance wannan ƙawanya a farkon watan Maris 1917 daga Damagaram ta tashi, Ingilishi ma suka turo taimako daga Najeriya, kuma abincin da ta ci da dabbobin da suka ɗauki kayanta daga rumbuna da garken mutanen ƙasar nan suka fito. Da aka sake kama Agadas aka karkashe malamai da dama. Idan an biya wani abu a kan gero ko raƙumi, farashin da mai karɓa ya ga dama ne. Babu lamba, babu kuɗin ruwa, babu littafin da aka rubuta cewa Faransa ta ci bashin wane ɗan wane na Tirmini. Hotunan Paris da Faransanci aka rubuta su, kuma waɗanda ke iya karanta su a Damagaram ta wancan zamani ba su wuce hafsoshi da akawuna da tafintoci da ƴan yaran lakwal ba.

Kada wani ya ce ai mutanen ne ba su san harkar lamuni ba. Damagaram garin fatake ne. Ƴan kasuwar Gadamas da Tarabulus sun daɗe suna ba da kaya bashi a Zango, wasiƙa ta tashi daga nan ta ƙetare hamada a biya kuɗi a kanta a bakin teku. Malam Yaro, babban attajirin garin, yana cikin waɗanda suka fara ba Faransawa kaya a kan alkawari lokacin da ayarin Foureau da Lamy ya iso a jigace a ƙarshen 1899, shekara bakwai bayan haka kuma aka haɗa shi da sarki a zargin makirci aka kama shi. Al'umma ce da ke cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, wadda kowane almajirinta ya san ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana. Gaskiya ne kuɗin ruwa zai sa malamai su ƙi takardar Paris ko da an kawo ta da ladabi. Sai dai wanda zai iya ɗauka da umarni ba ya wahalar da kansa da neman rance.

Akwai wani rancen dole da ya shigo ta kasuwa ba a kira shi da sunansa ba. Nasara sun tilasta biyan lanho da kuɗinsu, wuri ya fara mutuwa, mutane suka saba da dalar azurfa mai nauyi a hannu, wadda ko mulki ya sauya maƙeri zai narkar da ita ya yi wa amarya munduwa. Da yaƙi ya yi tsanani azurfa ta yi wuya, takardun kuɗi suka cika Afirka ta Yamma, har na ƙananan kuɗi aka buga a 1917. Takardar kuɗi ita ma alkawari ce, wanda ya karɓe ta a kan geronsa ya ranta wa mai buga ta ne ba da ƙari ba. Jama'a suka ƙi ta, in dole ta sa sun karɓa sai su rage mata daraja a kan azurfa, masu mulki suka kira wannan jahilci. Shekarun da suka biyo baya sun nuna wa ya fi iya lissafi.

Abin da ya fi ci mini rai a tarihin salon nan shi ne, mutumin da ba a roƙa ba an ari fuskarsa an roƙi wasu da ita. A 1917 aka ware rana ta tara kuɗi da sunan sojojin Afirka da na ƙasashen mallaka, Lucien Jonas ya zana baƙin soja ya ɗaga bindiga sama, baki buɗe, yana kutsawa gaban Turawan da ke gefensa. Bankunan Aljeriya suka sa aka zana musu mahaya masu rawani a kan dawakin Larabawa suna sukuwa, a ƙasa an rubuta a sayi takardar lamuni saboda ƙasar uwa. Ba don mai rawanin aka yi hoton ba. An yi shi ne don mai ajiya a Lyon ko Bordeaux ya natsu, kamar yadda mai neman rance ke zagayawa da mai kuɗi ya nuna masa garkensa kafin a yi magana. Tun 1910 Charles Mangin ya rubuta littafi yana cewa Afirka rumbun sojoji ce da za ta cike wa Faransa ƙarancin haihuwarta. Afirka ta Yamma ta ba da mutum sama da 170,000 a yaƙin, kusan 30,000 ba su dawo ba, kuma ko daga ina mutum ya fito sunansa sojan Senegal. A watan Afrilun shekarar da Jonas ya yi zanensa, dubbansu suka faɗi cikin sanyi da taɓo a fagen daga na Chemin des Dames ƙarƙashin Mangin ɗin nan. Gwamna Janar Van Vollenhoven ya ajiye aiki a farkon 1918 da aka ce a sake ɗiban mutane a hannun Blaise Diagne, wakilin Senegal a majalisar Paris. Diagne ya zagaya da alkawura, na sauƙin haraji da fita daga dokar kumandan da hanyar zama ɗan ƙasa, ya tara mutum 63,000. Wannan ne karon da aka yi wa baƙar fata magana mai kama da ta hoton bango, wato ka bayar yau a biya ka gobe. Ƙalilan ne suka ga biyan.

Su ma waɗanda aka roƙa ba su sha da daɗi ba. A 1923 tsadar da ta haukace a Jamus ta mayar da takardun yaƙi abin kunna wuta. A Faransa Raymond Poincaré ya tsayar da darajar tamma a 1928 a kan kashi ɗaya cikin biyar na zinariyar da take da ita kafin yaƙi, tsohuwar da ta kai tsabarta a 1915 ta tashi da asarar kashi huɗu. Ingila ta rage kuɗin ruwan babban lamuninta na 1917 daga kashi 5 zuwa 3 da rabi a 1932, ba ta kuma gama biyan uwar kuɗin ba sai a watan Maris 2015. Amma wannan asara ce da aka ƙidaya, aka yi mahawara a kanta a majalisa, gwamnatoci suka faɗi saboda ita. Ta Damagaram ba ta shiga littafi ba balle a yi gardamar yawanta.

A yaƙi na biyu hoto ya iso, amma wani iri. Da Faransa ta faɗi a 1940, Gwamna Janar Pierre Boisson ya riƙe Afirka ta Yamma a bayan gwamnatin Vichy ta Pétain har zuwa Nuwamba 1942. Damagaram ta samu kanta a tsaka mai wuya: kudu Kano ce ta Ingilishi, gabas kuma Cadi, inda Gwamna Félix Éboué ya bi de Gaulle, abokin hamayyar Vichy, tun 26 ga Agusta 1940. Aka rufe iyaka, tufafi da sukari suka yi wuya, fataucin dare ya bunƙasa. Pétain ɗin nan na Verdun, yanzu tsoho mai farin gashin baki, shi ne hotonsa ya cika ofisoshi da azuzuwan lakwal a ƙasashen mallaka, yara suna rera masa waƙa. Wani zanen zamanin, na Éric Castel, ya jera fuskoki uku, baƙar fata da Balarabe da mutumin Indocin, a ƙarƙashin tuta ɗaya. An yi ta tara gudummawar agaza wa Faransa da fursunonin yaƙinta, ana cewa ta son rai ce. A ƙasar da gardi ke tsaye bayan mai karɓa, kowa ya san iyakar son ran. Hoton Pétain bai yi alkawarin biyan kowa ba, biyayya yake nema, ya kira kansa uba ya kira mutane ƴaƴa.

A ƙetaren iyaka Ingilishi sun fi iya baki. Tun Janairu 1939 suka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus. Da Hausa aka yi wa mutane bayanin yaƙi, da Hausa aka nemi gudummawarsu, kuɗin da Najeriya ta tara na sayen jirage ya sa aka raɗa wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan ƙasar, jiragen yaƙi kuma suna sauka a Kano a hanyarsu daga Takoradi zuwa Masar, mutane suna gani da idonsu. Wannan ya fi shirun Faransa mutunta mai sauraro, ban musa ba. Sai dai a hoton da suka yi na sojojin daular suna maci kafaɗa da kafaɗa, baƙin soja a layin baya aka sa shi. Kuma babban rancen da Arewa ta ba Landan ba a nemi yardar kowa a kansa ba: ajiyar baitulmalin sarakuna a takardun Ingila aka zuba ta, hukumar sayen amfanin gona ta riƙa biyan manomin gyaɗa ƙasa da farashin duniya tana tara rarar a can, daga 1942 zuwa 1944 kuma aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubun-dubatar talakawa zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa.

Komawar Afirka ta Yamma ɓangaren de Gaulle ba ta sauke wa manomin Nijar kaya ba, ƙara masa ta yi, don yanzu an shiga yaƙin gadan-gadan. Aka tsananta karɓar hatsi da dabbobi da aikin tilas. Ga kuma rumbunan tsimi da aka tilasta bayan yunwar 1931, inda mutum zai zuba geronsa a rufe, mabuɗi a hannun wani. Gidaje da yawa suka tsallaka Najeriya. A watan Nuwamba 1944 gwamnatin de Gaulle ta buɗe lamunin ƴantar da ƙasa, bangayen Paris suka sake cika da hotuna, Faransawa suka saya. A cikin watan nan ne jirgin ruwa ya sauke sojojin Afirka sama da dubu a Dakar, waɗanda suka yi shekaru a hannun Jamus suna fursuna. Aka ajiye su a barikin Thiaroye. Suka ce ba za su watse ba sai an biya su ragowar albashinsu da kuɗin sallama. Da safiyar 1 ga Disamba aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masana tarihi irin su Armelle Mabon suna ganin sun kai ɗaruruwa. Waɗannan su ne masu bin bashi na gaskiya, masu lamba da littafin albashi, kuma laifinsu shi ne sun zo karɓa.

Dokokin 1946 sun soke aikin tilas, sun ba kowa sunan ɗan ƙasa. Amma a watan Disamba 1959, ana gab da ƴancin kai, majalisar Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen mallaka a inda yake, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta ba shi gaskiya a 2001, bayan ya riga ya rasu. Sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci a 2010 aka daidaita biyan daga 2011, lokacin da tsofaffin da ke zama da lambobinsu a ƙirji a bukukuwan Damagaram da Yamai saura ƴan kaɗan.

Yau gwamnatin da ke neman taimakon mutumin Tirmini tasa ce, kuma yaƙin a cikin gida yake, a Diffa da Tillaberi da Tawa, ƴaƴan talakawa ne ke mutuwa a ciki. A watan Oktoba 2023, ƙasa tana cikin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, kasuwar lamunin yankin a rufe gare ta, hukumomin soja suka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa. Salon hoton bango ya dawo da sabuwar riga: alluna a bakin titi, hotuna a WhatsApp da Facebook, taken "zancen ƙasa ne" a bakin kowa, talabijin tana nuna ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata da ɗalibai suna miƙa abin da suka tara. Na yarda da yawansu da zuciya ɗaya suke bayarwa, kuma ƙasar da aka rufe wa ƙofofi tana da haƙƙin ta juya ga ƴaƴanta. Abin da nake so a kiyaye shi ne a kira kowane kuɗi da sunansa. Abin da mutum ya kai da ƙafarsa gudummawa ce. Dala biyun da aka ɗora a tikitin mota da abin da ake cira a kuɗin waya haraji ne, ko da an sa masa sunan haɗin kai. Idan kuma rance ake so, to a ba da takarda mai lamba da ranar biya. Jama'ar da kakanninta suka sha karɓar dole da sunan son rai ta cancanci a bambance mata waɗannan ukun a fili.

Matsalar kuɗin ruwa ma tana da mafita yanzu. Senegal ta fitar da takardun sukuk, na lamuni marar kuɗin ruwa, a 2014, Najeriya ta bi a 2017 da naira biliyan 100 don hanyoyi 25, aka kafa alluna a bakin hanyoyin da ke nuna da wane kuɗi aka yi su, mai mota ya gani ya auna da idonsa ko aikin ya kai kuɗin. Irin wannan allo nake fatan gani a Nijar, a kusa da mai kiran a bayar: nawa aka tara a jihar Damagaram cikin wata uku, nawa ya tafi ga kayan soja, nawa ga iyalan waɗanda suka faɗi, wa ya binciki lissafin. A manna shi a ƙofar ofishin magajin garin Tirmini da boko da ajami, gidajen rediyo su karanta shi da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, mai shela kuma ya maimaita shi ranar kasuwa saboda waɗanda ba su yi karatu ba.